Ƙawayena sun shirya kwana huɗu a gonakin giya, kuma har na ce musu toh

Salam Anti. Ni 'yar Zariya ce, ina mastas a Cape Town, Afirka ta Kudu, shekara ɗaya da rabi kenan. Mu shida ne ƙawaye, biyu 'yan nan ƙasar, ɗaya 'yar Kenya, ɗaya 'yar Jamus, ɗaya 'yar Ibadan, sai ni, kuma ni kaɗai ce Musulma. Sun shirya hutun Ista, Juma'a zuwa Litinin, za a kama gida a Franschhoek, wani gari kusa da Cape Town, a riƙa zaga gonakin inabi ana ɗanɗana giya, gona biyu ko uku kullum. Da aka saka maganar a gurup na tura alamar babban yatsa ban yi tunani ba. Yanzu sun ce tunda ba na sha ni zan riƙa tuƙi, ɗaya ma ta ce ai ɗanɗanawa ake a tofar, ba sha ba ne. Anti waɗannan su suka yi jinyata da na kwanta asibiti, ba ni da kowa a nan sai su. Saura kwana 10 a tura kuɗi. Ban faɗa wa Mama ba. Ya zan yi?

Wa alaikissalam ƙanwata. Na karanta saƙonki sau uku, kuma inda na fi tsayawa ba wajen giyar ba ne, wajen da kika ce su suka yi jinyarki. Duk wanda ya taɓa kwanciya ciwo a ƙasar da ba tashi ba ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne, mutum ya bar karatunshi ya zo ya zauna gefen gadonki ya kawo miki abinci ya wanke miki kaya, wallahi wani ɗan uwan na jini ma ba zai yi ba. Don haka ba zan ce miki ki rabu da su ba, ba kuma zan kira su miyagun ƙawaye ba, a wajensu wannan tafiyar karramawa ce, sun sa ki cikin abin da suke ganin ya fi komai daɗi a yankin.

Amma tunda shawara kika nema bari in faɗa miki kai tsaye. Tafiyar nan yadda aka tsara ta, kar ki je. Ki je musu wuni ɗaya daga ciki, wunin da babu teburin ɗanɗano, kuma ki faɗa musu yanzu tun ba a tura kuɗi ba.

Dalilina shi ne akwai bambanci tsakanin inda giya ta same ki da inda kika bi giya. Kin hau jirgin sama na kusa da ke ya karɓi kofi, ko an yi taron sashenku an ajiye kwalabe can gefe, wannan zaman ƙasar waje ne ba yadda za ki yi, kin kau da kai kin wuce. Amma wannan tafiyar giya ce uwarta giya ce ubanta. Na san yadda ake yi domin na zauna a Cape Town shekara biyu lokacin da maigidana yake karatu. Za ku isa gona wajen sha ɗaya na safe, a zaunar da ku a dogon tebur, a jera wa kowa kofunan gilashi, ma'aikaci ya zo da kwalba kala biyar ko shida yana zubawa yana bayani, wannan an matse ta shekara kaza, wannan ta kwana cikin gangar katako wata kaza, a shaƙa a juya a kurɓa, awa ɗaya da wani abu, a tashi a tafi gona ta biyu a sake, a ci abincin rana wanda shi ma kowane faranti an haɗa shi da giyarsa, da yamma a dawo masauki a buɗe waɗanda aka saya. Kwana huɗu fa. Ke kina ina a ciki? Kina zaune da kwalbar ruwa kina murmushi zuciyarki na bugawa.

Kuma kin sani na sani, maganar addini a nan ba ta tsaya kan sha kaɗai ba. Ayar Suratul Ma'ida, ta 90, nisanta ta ce a yi, ba kawai kar a sha ba. Akwai hadisin da Tirmizi ya rawaito cewa wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira kar ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya, akwai kuma wanda ya lissafa mutum goma a kanta, har da mai ɗauka da wanda aka ɗaukar wa da mai zubawa da mai saye. Ni ba malama ba ce, in kina son fatawa filla filla ga malamai nan birjik a garin da kike, amma wannan kam ko 'yar Islamiyya ta san shi. Batun ɗanɗana a tofar kuwa, gaskiya ne suna ajiye wani ɗan bokiti a tebur don haka, masu sana'ar suna tofarwa don kar su bugu, ƙawarki ba yaudararki take ba iyakar saninta kenan. Sai dai ke ba tsoron buguwa ne ya hana ki ba. Ki ce mata a wajenmu ko a harshe ba a sawa, shikenan, ba sai kin yi dogon bayani ba.

Bari in ba ki labarina don kar ki ɗauka daga sama nake magana. A shekarata ta farko wajen da nake aikin wucin gadi suka shirya fita ta ƙarshen shekara a wata gona, kunya ta hana ni cewa a'a, na ce ai zan zauna ne kawai. Na zauna ɗin. Aka kawo nama da wata miya mai duhu, na tambaya naman na menene aka ce kifi ma akwai, na ɗauki kifin da miyar, sai da na cinye wata ta kusa da ni take yabon yadda giyar ta fito a miyar. Ban ce komai ba har muka shiga mota, a motar na yi kuka har gida. Ba wanda ya cuce ni da gangan, ni ce ban faɗa ba tun farko, ni ce kuma ban san me zan tambaya ba. Abin da ya fi min ciwo daga baya, akwai wata abokiyar aikinmu Musulma 'yar asalin garin, ita tun ranar da aka sanar ta ce ba ta zuwa gonar giya, aka ce toh ba damuwa, ba wanda ya ɗaga gira, washegari aka ci gaba da raha da ita kamar kullum.

Nan ne nake so ki tsaya ki yi tunani sosai, domin tsoron da kike ji ina ganin kin kawo shi ne daga wani wuri, bai dace da garin da kike ba. Ke fa ba a wani ƙauyen Turai kike ba inda ba su taɓa ganin mai ɗankwali ba. Giya da Musulunci kusan tare suka girma a wannan yankin. A 1659 aka fara matse inabi a Cape zamanin Jan van Riebeeck, shugaban Turawan Holan a wajen, aka kafa garin Stellenbosch a 1679, Faransawan da suka gudo saboda rikicin addini suka zauna a kwarin da yanzu ake kira Franschhoek daga 1688, sunan ma ma'anarsa lungun Faransawa. To a 1694, shekara shida kacal bayan haka, Turawan Holan suka kawo Shehu Yusuf na Makassar, mutumin can Indunusiya, a matsayin ɗan gudun dole, suka ajiye shi da mutanensa a gonar Zandvliet, bakin kogin Eerste, kogin nan dai da ya ratsa ta tsakiyar Stellenbosch. A nan ya rasu a 1699, unguwar har yau Macassar ake ce mata. Masallacin Auwal da ke Bo-Kaap, unguwar Musulmi a cikin Cape Town, tun 1794 yake. Kinga kenan sama da shekara 300 Musulmin garin nan suna maƙwabtaka da gonakin inabi suna cewa a'a mun gode, kuma ana zaune lafiya. Ƙawayenki biyu 'yan ƙasar sun tashi da Musulmi a makaranta, sun san alamar halal a jikin kaya a kanti, sun san azumi. 'Yar Ibadan kuwa ai ba sai an faɗa ba, da wuya a ce babu Alhaja a danginsu. Da kin faɗa za ki ga su ne za su yi wa 'yar Jamus ɗin bayani.

Abin da ya sa suka sa ki a lissafi kawai shi ne babban yatsan da kika tura. Su a ganinsu kin amince. Kuma duk kwanan da ya wuce ba ki gyara ba, gyaran ƙara nauyi yake.

Maganar tuƙi kuma, na san ita ce ta fi rikita ki domin kamar taimako ne, kamar ma lada za ki samu kin hana masu maye riƙe sitiyari. Na yi tunaninta sosai. Amma duba, in kika zama direba kin ɗaure kanki da kowace gona, ba ki da damar cewa yau ni zan zauna a gida, duk inda suka shiga kina nan, kuma kwalayen da za su saya a but ɗin motar da kike ja za a zuba. Ga shi a can hannun hagu ake tuƙi ba kamar gida ba, hanyar Helshoogte tsakanin Stellenbosch da Franschhoek hawa ce da kwana kwana, lokacin Ista kuma kowa a ƙasar ya san titi ya fi haɗari, ki ɗauko mutum biyar da suka sha suna surutu suna kunna waƙa da magariba, ko ba don addini ba ni ba zan so miki ba. Kuma ba wai in babu ke sun rasa mafita ba ne, a Franschhoek akwai ɗan jirgin nan mai tarago da bas bas ɗinsa da ke zagawa da mutane gona gona, don wannan matsalar aka yi shi, akwai kuma direbobin haya na wuni. Su biyar in suka raba kuɗin ba zai karya kowa ba. Abu ɗaya dai, in da dare ɗaya ta kira ki ta ce ta maƙale wani wuri ba ta cikin hayyacinta, ki tashi ki je ko ki tura mata mota, wannan ceton rai ne kuma ita ma ta yi miki.

Yanzu kuɗi, kuma a nan zan ɗan matsa miki. Kin ce toh, da lissafin mutum shida suka nemi gida. In har sun riga sun kama gidan ko sun ba da kafin alƙalami, ki ce za ki biya kasonki na gidan ko ba ki kwana ba, ko aƙalla abin da janyewarki ta ƙara musu. Alkawari kaya ne. Kar a ce Musulmar cikinmu ce ta bar mu da bashi, wannan zai ɓata abin da kike ƙoƙarin karewa fiye da komai. Amma kuɗin ɗanɗano da na kwalabe ki ce a cire ki, kuma ki faɗa tun yanzu, domin al'adarsu in an gama ci a raba bil daidai wa daida, in ba ki yi magana da wuri ba za ki tsinci kanki kina biyan kason giya ko kina jayayya gaban weta.

Saƙon da za ki tura kar ya yi tsawo, kar ki cika shi da ban haƙuri kamar kin yi laifi, kar kuma ki yi wa'azi. Wani abu kamar haka, ki juya shi da Turancinki: na yi saurin amsawa ban duba tsarin ba, a addinina ba sha kaɗai ba har zama wajen ɗanɗano ba na yi, don haka ba zan iya kwana huɗun ba kuma ba zan iya tuƙi ba, amma ina so in zo mu yi wuni ɗaya tare, ku bar min ranar ni zan tsara, kason gida kuma yana wuyana. In da hali ki fara kiran wadda kuka fi shaƙuwa ki faɗa mata da baki kafin ki saka a gurup, don ta tsaya miki.

Wunin naki kuwa wallahi akwai abin yi har ya yi yawa, domin wurin kyau ne da shi ba na wasa ba, duwatsu ta ko'ina, kuma a watan Ista an gama girbi ganyen inabi ya fara komawa ja da ruwan ɗorawa. Daga Cape Town zuwa Stellenbosch kilomita 50 ne ko kusa, ki fito da sassafe ku haɗu a Jonkershoek ku taka ƙafa cikin duwatsu, daga nan kogin Eerste ɗin yake fitowa. Akwai masallaci a cikin garin Stellenbosch, azahar ba za ta ba ki wahala ba. Ku haura Helshoogte ku sauka Pniel, ƙaramin gari ne da aka kafa a 1843 don bayin da aka 'yanta, domin gonakin nan masu farin gini da ake ɗaukar hoto bayi ne suka noma su har aka soke bauta a 1834. Sannan tsakanin Franschhoek da Paarl ga ƙofar gidan yarin da Mandela ya fito ranar 11 ga Fabrairu 1990, da ana ce masa Victor Verster yanzu Drakenstein, mutum mutuminsa na tsaye a bakin ƙofa ya ɗaga hannu. Ni duk zuwan da na yi yankin nan wajen ne ya fi tsaya min a rai.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa wa masu yawon buɗe ido ba. Shekaru aru aru a gonakin nan ana biyan leburori wani ɓangare na ladansu da giya, tsarin da suke kira dop, an hana shi a doka tun wajen 1960 amma bai mutu ba sai can shekarun 1990, kuma har yau yankin yana cikin inda aka fi samun jariran da giya ta lalata tun suna ciki a duk duniya. Na faɗa miki ne don ki san ƙin da kike yi ba ƙauyanci ba ne, akwai 'yan ƙasar da ba Musulmi ba da su ma ba sa iya zama a teburin nan saboda abin da ya yi wa iyayensu. Amma dan Allah kar ki ɗauki wannan ki jefi ƙawayenki da shi, ba makami na ba ki ba.

Abinci, ki koyi darasi daga kaina. Mafi sauƙi ki yi girki ki tafi da shi ku shimfiɗa a waje, dafadukan shinkafa da kaza daga mahautan halal, ko dambun nama in kina da shi, za su fi tuna wannan fiye da abincin kowace gona. In kuma gidan abinci za ku shiga ki nemi mai takardar halal ta MJC ko SANHA, ƙungiyoyin da ke tantance halal a ƙasar, in babu ki tambaya abu biyu a fili, akwai alade a ciki, an dafa da giya? Har miya, har kayan zaƙi. Farantin nan na cuku da yankakken nama da suke kawowa yawanci akwai alade a kai, kilishinsu da suke kira biltong shi ma sai kin ga tambarin halal. Abin sha kuma ki kula da kwalaben da ake cewa an cire musu giya, da yawansu akwai ɗan ragowa har zuwa kashi 0.5 cikin 100, malamai sun yi saɓani a kai, ni dai ina ganin me zai kai ki, ga Appletiser da Grapetiser, lemon tuffa da na inabi marasa giya, ga shayin rooibos. Kuma ki sha daga kwalba ko gwangwani, kar ki yarda a juye miki jan Grapetiser a kofin giya, hoto ɗaya za a ɗauka a saka a Instagram a yi tagin ɗinki, kafin ki farka ya isa Tudun Wada da Sabon Gari, kuma ba wanda zai tsaya tambayar me ke cikin kofin.

Sauran kwanakin kar ki zauna a ɗaki kina kallon hotunansu kina jin an bar ki, wannan shi ke sa mutum nadama. Duk hutun Ista Musulmin Cape suna yin sansani a Macassar wajen kabarin Shehu Yusuf, iyalai da tantuna da abinci da karatu, na san mutanenmu sun rabu kan ziyarar irin waɗannan wurare kuma ban san gidanku wane ɓangare ba ne, in bai kwanta miki ba ki bari. Amma ki nemi Musulmin garin ko ta wace hanya, ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta makarantarku, ko ki shiga Bo-Kaap ranar Lahadi da safe lokacin da ake sayar da koesister, wani soyayyen fulawa mai kwakwa da kayan ƙamshi. Kin ce ba ki da kowa sai su biyar ɗin nan, wannan jimlar ta dame ni, shekara ɗaya da rabi a garin da ke cike da masallatai bai kamata a ce haka ba. Ba don ki maye gurbinsu ba, don dai ranar da hanyarku ta rabu irin wannan ki samu inda za ki.

Mama kuma ki faɗa mata, bayan kin tura saƙon ba kafin ba, ki ce an gayyace ni kaza na ce musu kaza. Hankalinta zai kwanta, kuma ko wani ya kai mata magana gobe ta riga ta ji daga bakinki.

Zai iya yiwuwa ɗaya daga cikinsu ta ɗan ja baya, ta ji kamar kina hukunta su ne, musamman wadda ta kawo maganar tofarwa. Kar ki bi ta da bayani, ki bar ta, ranar wuninku ki zuba mata abinci da hannunki ki tambaye ta yaya gonakin jiya, ki saurara da gaske. Ki tafi da rigar sanyi, Jonkershoek da safe a wannan lokacin akwai iska. Ki tura saƙon yau kafin ki kwanta, in sun amsa ki rubuto min abin da suka ce.

Allah ya ba da sa'ar karatu, ya tsare min ke.

Antinki